Yadda za ka riƙa binciken dokumenteshan na yaren firogiramin ba tare da ka ɓata rabin yini ba

Bari in fara da abin da ya taɓa ƙona min rai, don shi ne ya koya min hankali. Ina da wata folda cike da hotuna, kowane suna ya fara da `hoto_`, ni kuma so nake in cire wannan guntun daga gaban sunayen. Na buga `suna.lstrip("hoto_")` a Python, na gwada da fayil biyu ya fito daidai, sai na sake shi a kan foldar gaba ɗaya na tafi abina. Da na dawo sai na tarar `hoto_hannu.png` ya zama `annu.png`, `hoto_tsuntsu.png` kuma ya zama `suntsu.png`. Na yi ta jujjuya kod ɗin nan kusan awa biyu, na buɗe shafuka sun fi goma a burauza, ashe amsar tana zaune lafiya lau a cikin bayanin `lstrip` a docs.python.org: abin da ka miƙa masa tarin haruffa yake ɗaukarsa ba kalma guda ba, zai ci gaba da cinye duk wani h ko o ko t ko _ da ya samu a gaba har sai ya ci karo da harafin da ba ya cikinsu. A ƙasan wajen ma sun ce in kalma guda kake son cirewa ka duba `removeprefix`. Karatun minti ɗaya ne fa wallahi.

To abin da zan zayyana a nan shi ne yadda nake yi yanzu, daga lokacin da tambaya ta taso min har in samu amsa in koma kan aikina. Yawancin misalan na Python ne da JavaScript saboda su na fi taɓawa, amma tsarin ɗaya ne ko wane yare kake rubutawa.

Da farko ka san wace irin takarda ce a gabanka

Kowane babban yare yana da takardu iri-iri, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Akwai tutoriyal, wanda zai kama hannunka ya bi da kai daga farko. Akwai kuma rifarens, wanda shi kamar ƙamus yake, ba wanda ke zama ya karance ƙamus daga bango zuwa bango, ka zo da kalmarka ne ka duba ka rufe. Wanda ya buɗe rifarens yana so ya koyi yare daga sifili zai gaji ya ce abin ba ya karantuwa, wanda kuma ya je tutoriyal yana neman cikakken bayanin faramita ɗaya ba zai samu ba don ba a sa shi a can ba.

A shafin farko na Python za ka ga Tutorial, Library Reference, Language Reference, da HOWTOs. Nan ne mutane da yawa ke ɓacewa, saboda sunan Language Reference yana yaudara, kana ganinsa sai ka ɗauka komai na yaren yana ciki. A'a. Shi nahawun yaren ne kawai: yadda `for` da `with` da `yield` suke aiki, wace alamar lissafi ce ke riga wata. Amma `split` da `len` da `open` da duk mojul irin su `json` da `datetime` suna cikin Library Reference, kuma kusan duk abin da kake nema a aikin yau da kullum a can yake. Metod ɗin sitirin da lis da dikshonari duk suna shafi ɗaya mai tsawon gaske da ake kira Built-in Types.

Sauran yarukan ma ka san gidan kowa tun da wuri. JavaScript da CSS da HTML, MDN ne, wato developer.mozilla.org. Ainihin ƙa'idar JavaScript tana cikin wata takarda mai suna ECMA-262, amma wannan masu ƙera burauza aka rubuta wa, kada ka wahalar da kanka da ita tukuna. PHP yana php.net, Go yana pkg.go.dev, Rust yana doc.rust-lang.org sannan laburaren da mutane suka rubuta suna docs.rs, C da C++ kuma yawanci cppreference.com ake zuwa. Ka yi wa naka bukmak yau ɗin nan.

Na biyu, siga. Kada ka tsallake wannan

Kafin ka karanta komai ka tambayi kwamfutarka wace siga take ɗauke da ita: `python --version`, `node --version`, `php -v`, `go version`, `rustc --version`. In kod ɗin a wata saba zai yi aiki, to sigar sabar ce abin dubawa ba ta laftof ɗinka ba.

Ni dai labarina bai ƙare a `lstrip` ba. Na canza zuwa `removeprefix`, ya yi aiki sumul a wajena, na tura kan saba sai ga `AttributeError: 'str' object has no attribute 'removeprefix'`. Na koma shafin, a ƙarshen bayanin ga ɗan ƙaramin rubutu nan yana cewa a siga 3.9 aka ƙaro shi, wadda ta fito a Oktoban 2020, sabar kuwa 3.8 ce a kanta. Sau biyu a rana ɗaya abu ɗaya ya kama ni, rashin karanta sakin layi har ƙarshe.

Saboda haka idonka ya saba da neman waɗannan ƙananan rubutun. A Python za ka ga "Added in version" ko "New in version" a tsofaffin shafuka, da "Changed in version", da "Deprecated since version" wanda ke nufin abin yana kan hanyar fita. A cppreference za ka ga "since C++11" ko "until C++20" a gefen layi. A Java akwai "Since". A MDN kuma ka gangara ƙasa wajen teburin Browser compatibility ka ga wace burauza ce ta san abin, kuma daga wace siga.

Wata dabara mai sauƙi: adireshin shafin Python yana da `/3/` a ciki, wannan kullum sabuwar siga yake nunawa. Ka goge shi ka sa `/3.8/` sai ga shafin nan dai amma na sigarka, ko ka yi amfani da ɗan akwatin zaɓin siga da ke sama. Kuma in Google ya jefa ka shafin da ke da `/2/` ko `/2.7/` ka fita da gudu, Python 2 an daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, amma har yanzu shafukansa da tsofaffin amsoshinsa suna yawo a sakamakon bincike.

Na uku, ka tace tambayarka

"Kod ɗina ba ya aiki" ba tambaya ba ce da rifarens zai iya amsawa. Ka tsaya ka ga a wane hali kake, don kowanne da hanyarsa.

In ka san sunan abin, aikinka ya yi sauƙi, tafi kai tsaye, zan faɗi gajerun hanyoyin a ƙasa.

In ba ka san sunan ba amma ka san irin abin da ke hannunka, misali sitirin ne kana so ka yi masa wani abu, to kada ka fara da Google, ka je shafin wannan nau'in ka bi jerin metod ɗinsa da ido. A MDN in ka buɗe `Array` ko `String` duk metod ɗin suna jere a gefen hagu, minti biyu ya isa ka karance sunayen, kuma sau da yawa sunan kaɗai zai gaya maka shi ne. A Python kana iya yi daga taminal ma, `dir(str)` zai zubo maka duka, in sun yi yawa ka tace:

`[m for m in dir(str) if "fix" in m]`

Wannan zai ba ka `removeprefix` da `removesuffix` in sigarka ta kai, in kuma ya dawo da lis wayam ka san ba su a wajenka. Masu Rust da Haskell sun fi kowa gata a nan, don suna iya bincike da nau'in abin da zai shiga da wanda zai fito. A akwatin binciken Rust in ka rubuta `vec -> usize` zai kawo maka fankshan da ke karɓar wancan su dawo da wannan, a Hoogle na Haskell kuma `[a] -> Int` zai kawo maka `length`.

In alama ce ka gani a kod ɗin wani ba ka gane ta ba, wannan ya fi ban haushi, saboda injin bincike ba ya jituwa da alamomi sosai. Maganin shi ne ka samo sunan da ake kiran alamar da Turanci. `:=` a Python ana ce masa walrus operator, a 3.8 ya shigo. `?.` a JavaScript optional chaining ne, `??` kuma nullish coalescing, ɗigo uku `...` spread ko rest gwargwadon inda aka sa shi, `<=>` na PHP da C++ ana masa laƙabi da spaceship. In ba ka da sunan, MDN tana da shafi mai suna Expressions and operators da ya jera su duka, Python kuma in ka buga `help("symbols")` zai nuna maka alamomin da yake da bayaninsu, sai ka sake buga misali `help("**")`.

In saƙon kuskure ne a hannunka, ka cire duk abin da yake naka ne kai kaɗai, sunan fayil ɗinka, lambar layi, sunan bariyebul ɗinka, ka bar ainihin jimlar, ka sa ta cikin alamar zance "kamar haka" don injin ya nemo ta yadda take. Rust ma lamba yake ba kurakurai da yawa, in ka ga E0382 ka buga `rustc --explain E0382` zai yi maka bayani da misali a nan taminal ɗin.

Gajerun hanyoyin shiga

Wanda na fi so shi ne na PHP, don su sun yi tunani mai kyau tun da daɗewa: ka rubuta php.net/ sai sunan fankshan, misali php.net/strpos, shi ke nan kana kan shafin. 

Sauran kana iya haɗa wa kanka irin wannan a burauza. A Chrome ka shiga Settings, ka je Search engine, ka nemi Site search, ka danna Add. Ka ba shi suna, ka ba shi gajeriyar kalma kamar `py`, a wajen adireshi ka sa `https://docs.python.org/3/search.html?q=%s`. Wannan `%s` ɗin shi ne gurbin da abin da ka rubuta zai shiga. Na MDN kuma `https://developer.mozilla.org/en-US/search?q=%s` da kalmar `mdn`. Daga nan in ka rubuta `py` a wajen adireshi ka danna Tab ka rubuta `removeprefix`, ka wuce Google da tallace-tallacensa da shafukan nan masu kwafe bayanin wasu su cika shi da surutu. A Firefox bukmak za ka yi da wannan adireshin ka cike gurbin Keyword. Aikin minti biyar ne, ni kuwa kullum sai na yi amfani da shi ya fi sau ashirin.

In Google ɗin dai kake so, to ka ɗaure shi: `site:docs.python.org remove prefix string`. DuckDuckGo kuma in ka fara da `!mdn` zai kai ka binciken MDN kai tsaye. Gaskiya akwai lokacin da wannan `site:` ya fi akwatin binciken shafin kansa, musamman in ba ka san ainihin sunan ba kana kwatance ne kawai, don akwatin binciken Python ya fi ƙwarewa a suna fiye da kwatance. Shi ya sa nake yawan komawa Index da ke saman shafin nasu, kamar fihirisar bayan littafi yake, harafi-harafi, har da sashen alamomi.

Da ka shiga shafi, hannunka ya tafi Ctrl+F, ko Cmd+F in Mac ne. Amma da dabara. A wancan dogon shafin na Built-in Types in ka nemi `split` kawai zai nuna maka wurare barkatai, ka nemi `str.split(sep` sai ya dire a kan ainihin inda aka yi bayaninsa. A MDN da shafukan Rust kuma madannin `/` yana kai ka akwatin bincike ba sai ka taɓa linzami ba.

Karanta layin farko, wanda kowa ke tsallakewa

Nan ne zan ɗan daɗe, saboda rabin amsar tana cikin layin nan guda da ke saman kowane bayani, wanda ke nuna sunan fankshan da abubuwan da yake karɓa. Da yawanmu muna ganinsa kamar ado ne mu wuce wajen misali. Ɗauki wannan:

`sorted(iterable, /, *, key=None, reverse=False)`

Duk abin da ke da `=` a gabansa ba dole ba ne ka ba shi, in ka yi shiru zai ɗauki abin da ke bayan alamar, wato `reverse` zai zama `False`. Wanda ba shi da `=` dole ne. Wannan silash ɗin `/` yana cewa abin da ke gabaninsa ba a kiran sunansa, miƙa shi kawai ake yi, saboda haka `sorted(iterable=lis)` ba zai yi ba. Tauraron `*` da ke tsaye shi kaɗai kuma akasin haka yake faɗa, duk abin da ya biyo bayansa sai ka kira sunansa, shi ya sa `sorted(lis, len)` zai ba ka `TypeError` amma `sorted(lis, key=len)` ya wuce lafiya. Ka ga alama biyu ƙanana sun amsa tambayar da mutum zai iya ɓata rabin awa a kanta.

In tauraron yana manne da suna, kamar `print(*objects, sep=' ', end='\n', ...)`, ma'anarsa ka ba shi ko guda nawa kake so. Kuma daga layin nan kaɗai ka gane me ya sa `print` ke sauka sabon layi kullum, `end` ne, kuma kana iya canza shi.

Akwai wani salon rubutun da za ka haɗu da shi a shafukan man, wato umarnin da ke kawo bayanin umarnai a taminal na Linux, da tsofaffin takardu, inda ake sa abu cikin baka mai kusurwa, kamar `ls [OPTION]... [FILE]...`. Bakan yana nufin in ka ga dama, ɗigo ukun kuma yana nufin kana iya maimaitawa. Ba a buga bakan a cikin umarnin, na taɓa ganin wanda ya kwafe har da shi yana mamakin me ya sa abin ya ƙi.

Sai ka kula da abin da aka sa a matsayin difolt, don wani lokaci `None` ba ya nufin babu komai, yana nufin wata ɗabi'a ce daban gaba ɗaya. `str.split(sep=None, maxsplit=-1)` shi ne babban misali. In ba ka ba shi `sep` ba, duk sararin da ke jere yana ɗaukarsa guda ɗaya ne kuma ba ya bar maka guntaye marasa komai, `"  a   b ".split()` zai ba ka `['a', 'b']`. Da zarar ka ba shi da kanka labari ya canza, `"1,,2".split(",")` zai ba ka `['1', '', '2']`. Har sitirin marar komai ma sun bambanta a kansa, `"".split()` lis ne wayam, `"".split(",")` kuwa `['']` ne, lis mai abu ɗaya a ciki. Duk wannan a rubuce yake a sakin layi biyu na shafin.

Bayan layin farko, me yake dawo da shi?

Ni tsarina ba na bin shafin daga sama zuwa ƙasa. Daga layin farko sai in yi tsalle zuwa abin da fankshan ɗin ke dawowa da shi, sai kuskuren da yake jefowa, sai duk wani akwati mai launi da aka rubuta Note ko Warning, sai maganar siga, misalai su ne na ƙarshe. A MDN abin ya zo da sauƙi don kusan kowane shafi jerinsa ɗaya ne: Syntax, Parameters, Return value, Exceptions in akwai, Description, Examples, sai teburin burauza. In ka haddace wannan jerin idonka da kansa zai riƙa sauka inda ya dace.

Tambayoyi biyu nake riƙewa. Ta farko, yana canza abin da na ba shi ne ko sabo yake ba ni? `lis.sort()` na Python a wurin yake gyara lis ɗin kuma `None` yake dawowa da shi, saboda haka wanda ya rubuta `lis = lis.sort()` ya zubar da kayansa da hannunsa. `sort()` na JavaScript shi ma yana canza na asalin, shi ya sa a ES2023, wato sigar JavaScript ta 2023, aka ƙaro `toSorted()` mai ba ka sabo. Kuma tunda mun zo kansa, in ba ka ba shi fankshan na kwatantawa ba yana mayar da komai sitirin ne kafin ya jera, `[10, 9, 1].sort()` zai ba ka `[1, 10, 9]`. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, a sakin layin farko na shafin MDN yake.

Ta biyu, in bai samu abin da nake nema ba me zai yi? Nan ne yaruka suke da halaye kala-kala. `find` na Python zai ba ka `-1`, ɗan'uwansa `index` kuma `ValueError` zai jefo. Matsalar `-1` ita ce in ka sa shi cikin `if` gaskiya ake ɗaukarsa, sai kod ɗinka ya yi zaton an samu. `re.match` yana ba da `None`, kuma daga farkon sitirin kawai yake dubawa, in ko'ina kake so `re.search` ne naka. `strpos` na PHP kuwa `false` yake bayarwa in bai samu ba, amma in abin yana farkon sitirin `0` zai ba ka, su biyun kuma in ka gwada su da `==` ɗaya suke, shi ya sa aka sa babban akwatin gargaɗi a shafin cewa a yi amfani da `===`. PHP 8.0 ta kawo `str_contains` don a huta da wannan rigimar.

Game da php.net, a ƙasan kowane shafi akwai bayanan da masu amfani suka ƙara da kansu. Wasu zinare ne, wasu kuma sun shekara goma sha suna nan, ka duba shekarar da aka rubuta kafin ka kwafa. Haka amsoshin Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta kod, amsar da aka yi wa alamar kore ba lallai ita ce daidai a yau ba.

Abin da ke cikin kwamfutarka tun tuni

Ba kowace tambaya ce ke buƙatar burauza ba, kuma amfanin na cikin kwamfuta shi ne sigarsa ita ce sigarka, babu zancen saɓani. A Python `help(str.split)` ko daga waje `python -m pydoc str.split`, in ka sa `python -m pydoc -b` ma zai buɗe maka shafi a burauza mai ɗauke da duk mojul ɗin da ka girka. A IPython da Jupyter alamar tambaya ɗaya bayan suna tana kawo bayani, biyu `??` suna kawo kod ɗin kansa in da Python aka rubuta shi. Go yana da `go doc strings.Split`. Rust yana da `rustup doc --std`, sannan `cargo doc --open` zai haɗa maka takardun furojet ɗinka da duk laburaren da ya dogara da su, daidai sigar da kake amfani da ita. A VS Code kuma ɗora linzami a kan suna ya isa ya nuna maka layin farkon nan, F12 ya kai ka inda aka rubuta shi.

Masu C da Linux, man yana da sashe-sashe kuma wannan yana rikita sababbi. `man printf` zai kawo maka umarnin taminal ne na sashe na 1, wanda kake nema na C yana sashe na 3, sai ka ce `man 3 printf`. Sashe na 2 na kiran kanel ne irin su `open` da `read`. In ba ka san suna ba `man -k` da kalma zai lalubo maka. Kuma don Allah ka koyi madannai biyar na cikin wannan allon: `/` bincike, `n` na gaba, `N` na baya, `G` ƙarshe, `q` fita. Su ne dai ke aiki a `help()` na Python a Linux da Mac.

Don ranar da intanet ya ƙi, ko kuma kana aiki da yaruka uku a lokaci guda, akwai devdocs.io. Ka zaɓi yarukan da kake so da sigarsu, ka shiga sashen Offline ka sauke su, daga nan akwati ɗaya ne ke bincika duka, kuma ko ka ci wasu haruffa yana ganewa. In ka rubuta sunan yare ka danna Tab zai taƙaita binciken a kansa kaɗai. Zeal na Windows da Linux da Dash na Mac su ma aikin da suke yi ke nan, sai dai su manhaja ce ake girkawa. Shawarata kada ka kunna yaruka ashirin, sakamakon zai cakuɗe, uku ko huɗun da kake taɓawa sun isa.

Na san wani zai ce ai yanzu sai in tambayi AI kawai. Ni ma ina tambaya, kuma inda ya fi min amfani shi ne wajen samo suna, in kwatanta masa abin da nake so ya ce min ana kiransa kaza. Amma da na samu sunan rifarens nake zuwa, saboda yana iya ba ka faramitar da babu ita sam, ko wadda aka cire shekaru uku da suka wuce, kuma zai faɗe ta da cikakken ƙarfin gwiwa ko gezau.

Ka gwada kafin ka yarda ka gane

Turancin rifarens a matse yake, kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana babba, kuma sau da yawa za ka ji kamar ka gane alhali ba ka gane ba. Ka bar taminal a buɗe gefe guda, ko Console na burauza in JavaScript ne, F12 ke buɗe shi. Kada ka gwada da abu mai kyau kaɗai, irin kuskuren da na yi ke nan da fayil biyuna. Ka ba shi sitirin marar komai, ka ba shi sifili, ka ba shi abin da babu, ka ba shi sunan da harafinsa na farko ya yi kama da abin da kake cirewa. In bayanin bai ishe ka ba, yawancin shafukan mojul na Python suna da mahaɗin Source code a sama, na Rust ma kowane fankshan da nasa a gefe, ka leƙa, wani lokaci layi goma ne kacal kuma sun fi bayanin fitowa fili.

In ka samu amsar da ta wahalar da kai, ka kai linzami ƙarshen layin farkon nan a shafin Python, wata alama ¶ za ta fito, ka danna ta adireshin zai koma na daidai wurin, kamar `stdtypes.html#str.removeprefix`. Shi nake mannawa a kwament a saman layin kod ɗin, don wanda zai zo bayana, wanda yawanci ni ne bayan wata shida na manta komai.

Ita kuwa sabar nan mai 3.8 ban samu damar ɗaga sigarta a ranar ba. Amma bayanin `removeprefix` ɗin da kansa ya faɗi abin da yake yi a ciki, in sitirin ya fara da guntun zai dawo da `string[len(prefix):]`, in bai fara ba ya dawo da shi yadda yake. Sai kawai na rubuta hakan da hannuna:

`suna[len("hoto_"):] if suna.startswith("hoto_") else suna`

Na gwada shi da `hoto_hannu.png` da `hoto_tsuntsu.png` da wani fayil da ba shi da guntun ko kaɗan, sannan na zauna gyaran sunayen da na lalata da safe ɗaya bayan ɗaya.